Nauyin Inji da Haƙurin Azara

Wanda ya ratsa lungunan cikin birnin Kano da hantsi, ya taso daga Ƙofar Wambai ya gangara Kurmi, ko ya ɓulla ta Soron Ɗinki, kunnensa ne zai fara gaya masa cewa sana'a ta sauya hannu. Inda dā ake jin ƙarar guduma a maƙera da bugun rini a mabuga, yanzu rurin inji ne ke tashi daga soraye: injin markaɗe, injin niƙa, keken ɗinki mai wuta, injin gurzar takalmi, injin zanen wuyan riga mai kwamfuta, ga janareto a gefe yana tari. Ba sabon abu ba ne a ce gidan Bakano shi ne masana'antarsa. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, abin da ya ba shi mamaki ke nan, cewa saƙa da rini da dukancin da suka kai sunan birnin har gaɓar Bahar Rum a cikin gidaje ake yin su, iyali-iyali, ba a manyan ma'aikatu irin na Turai ba. Abin da ya sauya shi ne nauyin kayan aikin. Masaƙa ta gargajiya yaro na iya ɗauka da hannu ɗaya, amma injin zane mai kawuna da yawa yakan kai ɗaruruwan kilo, wani ma ya haura tan guda. Bompai da Sharaɗa da Challawa an tsara su ne don injuna, cikin ganuwa kuwa an gina shi don mutane da tabarmi da tukwane. Da yake wuri ya yi ƙaranci, mai sana'a ya koma kallon sama: ko ya hau da inji tsohon benen azara, ko ya sa kafinta ya kafa masa wani bene na katako a cikin shago. Daga nan tambayar da ake yi wa kafinta da magini guda ce, wai yaya za a ƙara wa daɓen nan ƙarfi. A ganina tambayar ce ta zo a karkace. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ta wace hanya nauyin injin zai bi ya sauka ƙasa, domin duk wani nauyi, komai nisan inda aka ɗora shi, ƙasa yake nema, kuma in ba a shata masa hanya ba zai shata da kansa.

Sai an fahimci yadda aka ƙera benen gargajiya kafin a san abin da zai iya da wanda ba zai iya ba. Azara tsagin gangar giginya ce, kuma magina sun fi son ta namijin giginya. Ƙarfinta yana can wajen ɓawo inda zaren itacen ya cushe ya yi baƙi, cikinta kuwa taushi gare shi. Gara ba ta cika damunta ba, shi ya sa take daɗewa. Amma tana da iyaka, kuma magabata sun san iyakar sarai: ba su barin azara ta haye fili fiye da kimanin ƙafa shida, wato ƙasa da mita 2, ba tare da madogara ba. In ɗaki ya fi haka faɗi sai su fito da tauyi daga bango, azara kan azara, kowace ta ɗara ta ƙasanta kaɗan, ko su gicciya ta a kusurwa, ko su kafa ginshiƙi a tsakiya, ko su ɗaura bakan gizo su yi ɗaurin guga. Duk ƙawar rufin da ake zuwa kallo a Gidan Makama da Gidan Rumfa, da wanda Babban Gwani ya yi wa masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, dabara ce ta gajarta tazarar da azara za ta haye. A kan azarar ake shimfiɗa zana ko asabari, sannan a zuba ƙasa. Ga lissafin da mutane ba su cika yi ba: busasshiyar ƙasar gini takan kai kusan kilo 1,800 a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. In kaurin ƙasar da ke kan azara ya kai santimita 15 kacal, kowace murabba'in mita tana ɗauke da kusan kilo 270 tun kafin ko kyanwa ta taka. Ma'ana azarar ta riga ta sha kaya. Abin da ya rage mata na haƙuri an bar shi ne don mai barci da akwatinsa.

Ko benen zamani ma haka abin yake. Ƙa'idar Ingila da injiniyoyin Najeriya suka daɗe suna aiki da ita ta ƙiyasta wa daɓen gidan zama kimanin kilo 150 a murabba'in mita, ƙaramin wurin sana'a kimanin 250, masana'anta kuma 500 ko fiye. Wato ɗakin kwana da ɗakin inji ba gini ɗaya ba ne ko da sun yi kama a ido. Sannan akwai bambanci tsakanin nauyin da ya bazu da wanda ya taru. Buhun masara huɗu, kowane kilo 100, in aka jera su a ɗaki, azara goma ko fiye ne za su raba kayan. Inji mai kilo 400 kuwa ƙafa huɗu gare shi, kowace ba ta kai tafin hannu ba, don haka kilo 100 ke sauka a kan wurin da bai fi azara ɗaya ko falanki ɗaya ba. In ƙasan ba daidai take ba, wanda kusan kullum haka ne, ƙafa biyu ko uku ne ke ɗaukar kayan, ta huɗun tana lilo. Itace kuma yana da wata ɗabi'a da ƙarfe ba shi da ita: yana gajiya. Katakon da ya ɗauki kaya yau ba tare da ko ƙara ba, in aka bar masa kayan shekara da shekaru sai ya dinga lanƙwasa a hankali, kuma abin da zai iya riƙewa na dogon lokaci bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na abin da zai riƙe na ɗan lokaci ba. Shi ya sa hujjar nan ta cewa ai ranar da aka hau da injin ƙarti goma suka tsaya a wurin kuma ba abin da ya faru, ba hujja ba ce. Ƙartin sun sauka, injin yana nan.

Amma duk wannan magana ce ta nauyin da ke zaune shiru. Inji ba ya zama shiru, kuma a nan ne ainihin matsalar take. A ɗauki tsohon injin Lista mai silinda ɗaya, irin wanda aka ƙera a garin Dursley na Ingila tun wajen 1930 har zuwa 1987, wanda ya yi wa ƙasar Hausa niƙa tsawon zamani kafin 'yan China su cika kasuwa. Nauyinsa ya haura kilo 300, yana juyawa sau 650 a minti, yana fashewa sau ɗaya a kowane juyi biyu. Wato bugu 325 a minti, in ya yi awa takwas yana aiki ya daki abin da yake zaune a kai sau 156,000 a yini guda. Mota mai wuta ta fi shi laushi amma ta fi shi sauri, yawanci kusan juyi 1,450 a minti, kuma da zarar fuli ya ɗan karkace ko dutsen niƙa ya cinye ta gefe guda, kowane juyi ya zama girgiza. Kankare da ƙarfe suna iya shanye wannan zuwa wani lokaci. Ginin ƙasa kuwa ƙarfinsa a danne yake, in ka danna shi ya riƙe, in ka jijjiga shi ya saki. Tubali da tubali laka ce ta haɗa su, kan azara kuma a cikin lakar nan yake kwance. Kowace girgiza tana niƙe 'yar ƙasar da ke ƙarƙashin kan azarar, ta zama gari ta zubo, ramin ya faɗaɗa, azarar ta sami wurin motsi, motsin ya ƙara niƙa. Akwai kuma abin da duk yaron da ya taɓa hawa lilo ya sani: ƙaramin turi in ya zo daidai lokacin da lilon ke komawa, sai ya kai shi sama. Kowane bene yana da saurin da yake son kaɗawa da shi, na katako yakan faɗa wajen sau goma ko fiye kaɗan a daƙiƙa, wanda bai yi nisa da saurin juyin Lista ba. In suka dace, ƙaramin inji sai ya girgiza gida fiye da babba. Ko injin da ya fi haka sauri sai ya ratsa ta wannan matakin duk lokacin da aka tayar da shi ko aka kashe, shi ne rawar nan da ake ji ɗaki ya yi kafin injin ya daidaita.

Malamanmu na fiƙihu sun riga injiniyoyi lura da wannan, abin da ya kamata ya ba Bakano sha'awa tunda mazhabarsa da ta malaman Tunis ɗaya ce. A birnin Tunis an yi wani magini, Ibnur Rami, wanda ya rasu a 1334, alƙalai suna aika shi duba gine-ginen da ake jayayya a kansu, ya kuma tattara hukunce-hukuncen a littafi kan dokokin gini. A ciki ya kawo batun maniƙar da dabba ke juyawa a jikin bangon maƙwabci. Gwajin da ya bayyana mai sauƙi ne: a ɗaure takarda da zare huɗu ta kusurwoyinta, a rataye ta daga rufin da ke kan bangon da ake magana, a ɗora busasshiyar ƙwayar iri mai saurin gangarawa, a sa maniƙar ta juya. In ƙwayar ta motsa, cutarwa ta tabbata, sai a hana. An kuma ƙayyade a bar taƙi takwas tsakanin inda dabbar ke zagayawa da bangon maƙwabci. Abin lura shi ne ba nauyin dutsen niƙan aka auna ba, girgizar aka auna, kuma ba a jira bango ya faɗi ba kafin a yi hukunci. A cikin birnin Kano, inda bango ɗaya ke raba gida biyu kuma sau da yawa azarar gidajen biyu a kansa take kwance, mai inji ba da kansa kaɗai yake caca ba. Tsohuwar da ke kwance a ɗaya gefen bangon ba ta ci ko kwabo daga kuɗin markaɗen ba.

Saboda haka hukunci na farko ba shi da daɗin ji amma ba makawa: duk injin da ke bugu, da duk wanda ya fi ƙarfin mutum uku ko huɗu su ɗaga, wurinsa ƙasa ne, kuma ba a kan daɓen ɗakin ba, a kan tushensa na kansa. A fasa daɓen, a haƙa har a tarar da ƙasa mai tauri, a zuba dunƙulen kankare, a dasa notikan da za a ɗaure injin tun kankaren yana ɗanye. Ƙa'idar da masu kafa injuna ke bi ita ce dunƙulen ya ninka injin nauyi, sau biyu zuwa uku ga mai juyi sumul, sau uku zuwa biyar ga mai bugu irin na fistin. Injin dizal da maniƙarsa in sun kai rabin tan, dunƙule mai mita ɗaya ta kowace fuska, wanda ya kai tan 2.4, ya wadatar, kuma a haɗin siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, buhu shida zuwa bakwai zai ci. Injin da maniƙar su zauna a dunƙule ɗaya, don bel yana jan su zuwa ga juna. Muhimmin abin da aka fi mantawa shi ne tazara: dunƙulen kada ya taɓa bango, kada ya haɗe da sauran daɓen, a bar rata ko da ta yatsa biyu a zagaye a cika ta da yashi ko roba. In aka haɗe su, an gina wa girgiza gada ke nan zuwa bangon. A kuma jiƙa shi mako guda, a ba shi kwana 28 in da hali kafin a tayar da inji a kai. Sai dai ƙasar cikin birni tana da nata tarko. Shekaru ɗaruruwa ana haƙar ƙasar gini a nan, tun zamanin da Sarki Gijimasu ya fara ganuwa a ƙarni na 12, kuma kududdufan da aka bari an cike da yawansu da shara an yi gini a kai. Ƙara da tsofaffin rijiyoyi da shaddodin da aka binne aka manta. Wanda ya haƙa ya tarar da baƙar ƙasa da guntayen kasko da leda, bai kai ga tushe ba tukuna. Wanda kuma ya haƙa rami mai zurfi dab da gindin bangon ƙasa, musamman da damina, ya yi wa bangon abin da injin zai ɗauki shekara biyar bai yi ba.

To, in za a ce duka a sauko ƙasa, ina ƙasar take? Wannan shi ne ƙorafin da ya fi kowane nauyi, kuma ba a kore shi da faɗa. Shago a Kurmi ko Wambai wani bai fi faɗin tabarma biyu ba, tela mai yara shida dole ya yi sama. Amsar ita ce a raba kaya. Keken ɗinki mai wuta da teburinsa bai kai nauyin mutum biyu ba, bene mai kyau zai ɗauke shi. Janareto da kwamfresa da injin matse tafin takalmi da tankin ruwa su zauna ƙasa. Tankin nan ma ya cancanci a tsaya a kansa, don mutane na raina shi saboda roba ce: lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tanki mai lita 1,000 tan guda ne cur a kan da'irar da ba ta fi mita ɗaya da 'yan kai ba. Ga abin da zai hau saman kuwa, ƙarfafawar daga ƙasa take farawa. Dokar lanƙwasar katako ba ta da tausayi amma tana da alheri ga wanda ya san ta. In aka ninka tazarar da katako ke hayewa, lanƙwasarsa a ƙarƙashin kaya ɗaya a tsakiya ba ninki biyu take yi ba, ninki takwas take yi. Juya maganar: gicciya ƙaton katako ko ƙarfe a ƙarƙashin tsakiyar benen, a tokare shi da ginshiƙai, an raba tazarar biyu, an kashe mafi yawan lanƙwasar. Abin da magabata suka yi da tauyi ke nan, da wani kayan aiki. Sharaɗi shi ne ginshiƙin ya sauka a kan abin da zai riƙe shi, faffaɗan dutse ko ɗan kankare, ba kan daɓen siminti mai kaurin yatsa ba, kuma a matse shi da kyau ya karɓi kaya tun yanzu, ba ya tsaya yana jiran bene ya sauko masa ba.

Doka ta biyu ta tsayuwa ce. Katako mai inci 2 da 6 in aka tsayar da shi a kan gefensa ya ninka kwantaccensa ƙarfi sau uku, ya ninka shi taurin kai sau tara, kuma kuɗinsu ɗaya a 'Yan Katako ta Na'ibawa. Duk da haka za ka ga an kwantar da shi saboda ya fi sauƙin buga ƙusa, ko don a sami ɗan ƙarin tsawon kai. Haka nan katako ya zauna a kan wani abu, kada ya rataya a jikin ƙusa. Yawancin benayen shago ƙusa uku ko huɗu ne a kowane kai ke riƙe da rayukan da ke sama, girgiza kuwa sana'arta zare ƙusa. Noti mai ratsawa da wasa a kowane gefe ya fi, a kuma riƙa ɗaure shi, don katakon da aka kawo ɗanye daga kudu in ya sha hunturun Kano sai ya tsuke, haɗin ya saki. A ƙara katako kusa da katako a inda injin zai zauna, a cusa guntaye a tsakaninsu don kada su kife, a shimfiɗa falanki mai kauri a gicciye. Injin kansa a matsar da shi kusa da bango ko daidai saman ginshiƙi, a ɗora shi a kan dogayen ƙarafa biyu da suka haye katako huɗu ko biyar, irin waɗanda ake samu a Ƙofar Ruwa, a sa roba mai kauri a tsakani. Farin katako mai araha kuwa abincin gara ne, araha ba ta ado. Ita azara ba a gyara ta da ƙusa, tsagewa take yi, kuma ba a gane lafiyarta daga tsakiyar ɗaki. Ciwonta yana kai, a cikin bango, inda ido ba ya gani kuma danshi ke taruwa. Sai an tona kaɗan an soka ƙarfe mai tsini an ji.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne wanda ya fi kama da gyara: a zuba kankare a kan tsohon benen don ya yi ƙwari. A ɗaki mai mita 3 da 3, kankare mai kaurin santimita 10 ya haura tan biyu. An ba azarar da ake tausaya wa kayan da ya ninka injin nan mai kilo 400 sau biyar, an kuma rufe ta yadda ba za a ga lanƙwasarta ba. Ido yana ganin siminti sumul, zuciya ta kwanta, alhali abin da ke riƙe da shi bai sauya ba. Irin wannan ne yaɓe bangon ƙasa da siminti har ƙasa: danshin da ke tasowa daga gindi ya rasa mafita, lakar ta jiƙe a ɓoye, rannan sai ɓawon simintin ya ɓalle da rabin bangon. Magabata da makuba suke shafe bango, rufi kuma da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, duka abubuwan da ke kore ruwan sama amma su bar gini ya yi numfashi. Busasshen bangon tubali mai kauri yana ɗaukar kaya sosai, jiƙaƙƙe kuwa ko kansa ba ya ɗauka. Shi ya sa labarin rushewar gidaje a cikin birni kusan kullum na watan Agusta ne. Injin markaɗe ya haɗa sharri biyu, ga girgiza ga ruwan wanki da ke malala gindin bango safe da yamma. Mai irin wannan injin, indararo da kwata suna cikin kayan ƙarfafa daɓensa, ko da kafinta bai sa su a lissafi ba.

Wani zai ce to a huta da wahala mana, a rushe ginin ƙasar a yi bulo da rodi a zuba dekin. Ga mai hali da fili, wani lokaci hakan ne daidai. Amma gidajen cikin birni da yawa na gado ne, magada goma ba su taru a kan magana ɗaya ba, mai sana'ar kuma haya yake, lungun ma tifa ba ta shiga. Ban da haka, kankare ba laya ba ne. Ginin Rana Plaza da ya rufta a Savar ta Bangaladash ranar 24 ga Afrilu 2013 ya kashe mutum 1,134, na kankare ne da rodi. An tsara shi don shaguna da ofisoshi, aka ƙara masa hawa, aka cika saman da kekunan ɗinki da manyan janaretoci. An ga tsaga ana gobe, aka ce a koma aiki. Da safe wuta ta ɗauke, aka tayar da janaretocin, ginin ya zauna. Bakano ba ya bukatar a fassara masa wannan jerin: wuta ta ɗauke, a ta da inji. Tun kafin nan, a 10 ga Janairu 1860, masaƙar Pemberton a garin Lawrence na Amurka ta rufta a kan ma'aikatanta, an cusa manyan injuna a saman bene kan ginshiƙan ƙarfe masu aibi, mutane da dama suka mutu, wasu a wutar da ta biyo baya. Abin sha'awa, masaƙun yankin da suka tsaya ƙarni guda da injuna a sama da yawansu daɓen katako gare su, amma katako ne ƙato a kan ginshiƙai jere daga sama har tushe, da falanki mai kaurin inci uku ko huɗu. Ba sunan kayan ginin ke riƙe inji ba. Mafi munin zaɓi shi ne na tsaka-tsaki, a zuba dekin a kan bangon ƙasa. Mafi dacewa da cikin birni kuwa, a nawa ra'ayin, shi ne a kafa firam mai zaman kansa a cikin ɗakin, ƙafafu huɗu ko shida na ƙarfe a kan tushensu, ba ya jingina da bango ko kaɗan, kamar gado a cikin ɗaki. Bango ya ci gaba da aikinsa na tsare rana da ido, firam ya ɗauki inji, ran da mai haya zai tashi ya kwance abinsa.

Saura masu cewa gine-ginen kakanninmu sun yi ɗaruruwan shekaru a tsaye, me zai same su yanzu. Sun tsaya ne saboda kowace shekara bayan damina ana yaɓe, ana sauya azarar da ta gaji, kuma ba wanda ya taɓa ɗora musu abin da ke dukansu sau dubu ɗari a yini. Ganuwar kanta, da aka daina yi mata aikin gayya, kowa ya ga yadda ta koma. Hukumar KNUPDA tana duba zanen sabon gini, ƙasar ma tana da kundin dokar gini tun 2006, amma ranar da ɗakin kwana ya zama ɗakin inji ba a aza tubali ko ɗaya ba, don haka ba wanda ke ganin akwai abin nema wa izini. Wanda ke fara jin labari mai unguwa ne, shi ma sai maƙwabta sun kawo ƙara. Da ƙungiyoyin teloli da masu niƙa da 'yan takalma za su ɗauki injiniya ɗaya ya zagaya shagunan 'ya'yansu tare da tsohon maginin da ya san azara, kuɗin da kowa zai bayar ba zai kai na gyaran inji sau ɗaya ba. Su biyun ake bukata, don injiniyan da ya fito daga Jami'ar Bayero ya san lissafin kankare da ƙarfe, maginin kuma ya san inda tauyi ya ƙare a cikin bango.

Kafin a kai ga haka, gini yana magana, kuma gwajinsa ba ya cin kuɗi. Garin ƙasa da ke zubowa daga kan azara duk lokacin da inji ke aiki, ƙofar da dā take rufuwa yanzu take cijewa, tsagar da ta taso a karkace daga kusurwar taga, ƙusar da ke fito da kai, duk saƙo ne. A ɗaure zare daga bango zuwa bango a ƙarƙashin benen, a auna ratar da ke tsakanin zaren da katakon tsakiya, a rubuta a jikin bango da kwanan wata. A shafa ɗan siminti siriri a kan tsaga a ga ko zai sake tsagewa. A ajiye kofin ruwa a ɗakin maƙwabci a tayar da inji a kalli fuskar ruwan, wanda shi ne gwajin Ibnur Rami da kayan yau. A sake aunawa a ƙarshen Agusta, lokacin da ƙasar rufi ta sha ruwa ta yi nauyi kuma bango ya yi laushi. In ratar zaren ta sauya ko da rabin yatsa ne, a sauke injin a ranar, a tokare benen daga ƙasa, aikin haƙa da zubin kankare kuma a bar shi sai ruwa ya ɗauke a Oktoba.